Mun Yi Masa Wanka, Mun Yi Masa Salla: Wa Ya Je Ya Rubuta?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ya kai ɗan'uwana mai halartar sahu, ka san yadda muke idan aka yi rasuwa. Ba a rasa mai wanka, ba a rasa mai kawo likkafani, samari sun riga sun tafi maƙabarta da diga da shebur tun ba a kira su ba, sahu ya cika har titi, an kafa rumfa, an shimfiɗa tabarmi, maƙwabta suna ta aiko da abinci. Wannan alheri ne da Allah Ya bar mana, muna roƙon Ya ƙara. Sai dai akwai aiki guda ɗaya da kusan ba mai tashi dominsa a cikin ɗaruruwan da suka raka gawa, shi ne zuwa a bayyana rasuwar ga hukuma a karɓo takardarta. Kowa yana zaton wani zai yi, wasu kuma suna ganin abin bai kai a yi ba. Ni kuwa ina gaya maka cewa barin wannan aiki zalunci ne da ake yi wa mamaci da matarsa da marayunsa, kuma da yawa daga cikin masu yin sa mutanen sahun farko ne.

Ka fara sanin abin da doka ta tanada, don kada jahilci ya zama mafaka. Dokar ƙasarmu mai lamba 2019-29 ta ranar 1 ga Yuli 2019 ta ba da kwana 60 a bayyana haihuwa ko aure ko rasuwa, kuma bayyanawar kyauta ce. Ana yin ta a asibiti ko ɗakin shan magani in can rai ya fita, ko a wurin da aka ajiye kundin bayyanawa a ƙauye ko unguwa, daga nan maganar ta isa ma'aikatar magajin gari, wato meri, inda ake fitar da takardar rasuwa, wadda za ka ga an rubuta acte de décès a samanta. In kwana 60 suka wuce, ƙofar meri ta rufe, sai ta hanyar kotu: a nemo shaidu, a biya kuɗi, a yi ta zirga-zirga har alƙali ya yanke hukuncin da zai tsaya a madadin bayyanawar da aka yi sakaci da ita.

Yanzu ka auna kwana sittin ɗin nan da al'adarmu. A cikinsu ne ake zaman makoki na kwana uku, a yi na bakwai, masu yin na arba'in su yi. Ba yau zan shiga gardamar hukuncin waɗannan taruka ba, malamai sun yi magana kowa ya ji. Abin da nake nuna maka shi ne, gidan da ya iya hayar kujeru da rumfa, ya sayi buhun shinkafa da goro da dabino, ya aika sanarwa gidan rediyo da jerin sunayen dangi na Maraɗi da Yamai da Kano, wannan gida bai da hujjar cewa ya rasa mutum ɗaya da zai ba da safiya ɗaya. Ranar arba'in ma saura kwana ashirin cur wa'adin ya cika. An samu mai rubuta sanarwar rediyo, an rasa mai rubutawa a kundin da marayu za su dogara da shi.

Kuma ka lura da wadda abin ya fi shafa. Matar mamaci tana cikin takaba wata huɗu da kwana goma, kamar yadda aya ta 234 a Suratul Baƙara ta hukunta. Kwana sittin ɗin gaba ɗayansu a cikin takabarta suke faɗawa. Ko da yake malamanmu na Malikiyya sun halatta mata fita da rana don buƙata, kowa ya san yadda al'ada ke tsare ta a ɗaki, ga baƙin ciki, ga yara, ga ba ta san ƙofar da ake shiga ba. Ranar da ta fita takaba, ta je banki ko wurin aikin mijinta, tambayar farko da za a yi mata ita ce ina takardar rasuwa, alhali wa'adi ya wuce da wata biyu da ƴan kai. Ashe nauyin a wuyan maza yake: ƙanensa, wansa, babban ɗansa, maƙwabcinsa, abokin sahunsa. Su ne suka fita suna yawo a gari duk tsawon kwanakin nan.

Na san abin da ake faɗa. Wani zai ce takardar Nasara ce, magabata ba su san ta ba. Mai wannan magana shi ne da kansa ya yi layi don fasfo da zai tafi aikin hajji, bai ce bidi'a ba ce. Shi ne ya adana takardar filinsa a cikin leda a ƙasan akwati, ya mallaki katin ɗan ƙasa, yana da takardun babur ɗinsa. Takarda ba ta zama ta Nasara ba sai da ta zama ta kare haƙƙin wani. Sa'an nan ka tambaye shi, wace aya ce mafi tsawo a Alƙur'ani? Ita ce ta 282 a Baƙara, kuma a kan rubuta bashi ta sauka: a rubuta, marubuci ya yi adalci, a kafa shaidu, kada a ƙosa da rubutawa ko bashin ƙarami ne ko babba. Allah Ya ambaci dalili a cikinta, cewa rubutun ya fi adalci a wurinSa, ya fi tsayar da shaida, ya fi nisanta mutane daga shakka. In an yi wannan umurni a kan bashin mudun gero, ina ga aukuwar da ke mayar da dukiyar mutum gaba ɗayanta zuwa hannun wasu, ta sa dukan bashin da ake binsa ya zama na biya nan take, ta sanya mace cikin idda, ta mayar da yara marayu?

Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, shi ne ya kafa diwani, kundin da aka rubuta sunayen mutane ƙabila ƙabila don kowa ya samu rabonsa daga baitulmali, kuma tsarin a wurin daulolin da suka gabace shi aka gan shi. Bai ƙi shi don asalinsa ba, sahabbai kuma ba su yi masa inkari ba. Malaman hadisi da shekarun rasuwa suka riƙa kama maƙaryata: mutum ya ce ya ji daga shehi wane, a duba a tarar shehin ya rasu kafin a haife shi. Ibn Khallikan, wanda ya rasu a shekara ta 681 bayan hijira, littafi guda ya wallafa mai suna Wafayatul A'ayan, ya gina shi a kan tantance lokacin rasuwar manyan mutane. Mu kanmu mun san Shehu Usmanu ɗan Fodiyo an haife shi a Maratta, nan ƙasar Ƙonni, a 1754, ya rasu a Sakkwato a 1817, don almajiransa sun riƙe alƙalami. Al'ummar da ta gada wannan ita ce yau ake tambayar ɗanta yaushe mahaifinsa ya rasu, ya ce shekarar da aka yi fari, ko kuwa bayan ambaliyar nan, bai tabbata ba.

Wani kuma zai ce shari'a shaidu biyu ta nema, kuma gari duka ya shaida jana'iza. Gaskiya ne, ranar jana'iza gari duka shaida ne. Bayan shekara goma sha biyar fa, lokacin da marayan ya girma ya zo neman gonar ubansa? Liman ya rasu, mai unguwa ya rasu, wanda ya yi wankan ya tsufa ya rikice, saura kuwa kowa yana da ɓangaren da yake karewa. Ayar bashi ba ta wadatu da shaidu ba, ta haɗa su da rubutu, domin Wanda Ya halicci ɗan Adam Ya san mantuwarsa da son zuciyarsa.

Bari in tsaya a nan in daɗe, domin a nan ne mai ilimin gado zai gane girman abin. A fiƙihu, sharaɗin gado shi ne a tabbatar magaji yana raye a lokacin da wanda za a gada ya cika. Ka ɗauki misalin uba da ɗansa da suka yi haɗarin mota tare a babbar hanya tsakanin Tasawa da Damagaram. Uban yana da wasu ƴaƴa maza, ɗan kuma yana da nasa ƙanana. In uban ne ya cika nan take, ɗan ya kai asibiti ya cika bayan sa'a uku, to ɗan ya gaji ubansa, rabonsa kuma ya gangara zuwa ga ƴaƴansa da matarsa. In ɗan ne ya riga, jikokin nan ba su da komai a dukiyar kakansu, baffanninsu sun kange su. In kuma ba a san wanda ya riga ba, a mazhabarmu ba a gadar da ɗayansu daga ɗayan, sai jikokin su sake tashi hannu wofi. Ka ga sa'a uku ta raba tsakanin yaran da ke da gona da gida da yaran da za su tashi a kan tabarmar wani. Wa zai riƙe wannan sa'a uku bayan shekaru, in ba takardar likita da kundin meri ba? Kuma wa ke da amfani in aka manta da ita?

Haka nan jariri. Mutum ya rasu ya bar matarsa da ciki, ta haihu, yaron ya yi kuka, ya rayu kwana biyu, ya koma. Kukan nan ya sa ya gaji ubansa, uwarsa kuma ta gaje shi. In ɗa namiji ne, ya ma kange ƴan'uwan mamacin gaba ɗaya daga gadon uban. Amma a garuruwanmu jaririn da bai kai suna ba, ba a rubuta zuwansa balle tafiyarsa; a naɗe shi a ƙyalle, mutum uku su kai shi, shi ke nan. Ranar rabon gado sai ka ji ana cewa ai ba rai aka haife shi. Ungozoma ta san gaskiya, amma wa zai kira ta?

Rasuwar mata ita ma haka muke yi mata, kamar mace ba ta barin dukiya. Tana barin awaki da tumaki, da gonar da ta gada, da zinariya, da zubin adashi, da bashin da take bin mutane, wani lokaci har da albashi. Mijinta yana da rabi ko rubu'i, iyayenta suna da rabonsu, ƴaƴanta suna da nasu, duk a Suratun Nisa'i aya ta 11 da ta 12. Sai a kwashe kayan ɗaki a raba tsakanin ƴan'uwa mata, sauran ya narke a cikin gida ba wanda ya tambaya.

Ka san tsarin da shari'a ta shimfiɗa a kan abin da mamaci ya bari: a fitar da kuɗin jana'izarsa, a biya bashinsa, a zartar da wasiyyarsa in ba ta wuce sulusi ba, sa'an nan magada su raba. Ka kuma san tsananin maganar bashi. Ya tabbata cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya dakata da yi wa wani mamaci salla saboda bashin da ke kansa har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya, kuma an ruwaito cewa ran mumini a rataye yake da bashinsa har a biya masa. To a zamaninmu ina dukiyar take? Wani kaso yana banki, wani yana cikin salula, wani yana hannun ma'aikatar da ya yi wa aiki. Banki ba ya buɗe asusun mamaci don dattawa sun yi rantsuwa. Zai nemi takardar rasuwa, da takardar zaman dangi, da takardar kotu mai nuna su wane ne magada, kuma na biyun da na ukun ba su samuwa sai da ta farko. Asusun CNSS na ma'aikata da asusun CARENI na ƴan fansho na gwamnati ba su ba matar mamaci da marayunsa haƙƙinsu sai da ita. Sauya suna a takardar fili ko gida sai da ita. Kuɗin da za a sauke masa bashi yana nan a kulle, mai bin bashi yana jira, shi kuma yana kwance a kushewa. Malaman usulu suna da ƙa'ida sananniya, cewa duk abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma ya zama wajibi. Biyan bashi wajibi ne, isar da gado ga masu shi wajibi ne. Ka ƙarasa lissafin da kanka.

Ba duka masu barin wannan aiki ne ke barinsa don rashin sani ba, kuma a nan zan yi magana ba tare da sakaya ba. Akwai wanda ya san sarai, ya yi shiru, domin muddin ba takarda ba a zaman dangi a gaban alƙali, muddin ba a yi zaman ba shi ne mai riƙe da makullin shago da rumbu da takardun gida. Yana ce wa matar ɗan'uwansa ta yi haƙuri, ba a gaggawa da maganar dukiya gawa ba ta huce ba. Shekara ta zagayo, ta biyu ta zagayo, an sayar da shanu biyu, an jinginar da gona, yaran sun bar makaranta. Akwai kuma wanda ke ɓoye rasuwar tsoho don a ci gaba da karɓar fanshonsa da sunan yana raye, ya ci haram wata bayan wata da sunan mutumin da ke amsa tambaya a kabari. Na farkon ya koma ya karanta aya ta 10 a Suratun Nisa'i ya ga abin da Allah Ya ce masu cin dukiyar marayu suna zubawa a cikinsu. Aya ta 6 a surar nan ma ta yi umurni da a kafa shaidu ranar da ake miƙa wa maraya dukiyarsa, ko da mai riƙon amintacce ne. Mai gaskiya ba ya gudun rubutu, rubutu kariya ne gare shi ranar da yaran za su girma su fara tambaya.

Ban manta da laifin ɗaya ɓangaren ba. Mutum ya taso daga ƙauye ya biya kuɗin mota, ya tarar mai sa hannu ba ya nan. Ya dawo a ce kundi ya ƙare. Ya sake dawowa a nuna masa da ido cewa sai ya ba da na goro. Wannan yana faruwa, kuma shi ne ke kashe wa talaka gwiwa. Ma'aikacin da ke karɓar kuɗi a kan abin da doka ta ce kyauta ne, daga hannun mutanen da suka fito daga makoki, ya sani cin hanci ne yake yi, kuma la'anar da ta zo a hadisi a kan mai karɓar rashawa ba ta ware ƙaramin ma'aikaci ba. Yana cikinmu, yana karanta wannan saƙo, wataƙila shi ne ke bayan liman. Amma muguntar ma'aikaci ba ta sauke maka nauyi. Ba ka daina zuwa kasuwa don ana tauye mudu. Ka je da mutum biyu, ka tambayi abin da doka ta ce a biya, ka nemi rasit na duk abin da ka bayar. Mai tsoron haraji kuma ya kwantar da hankalinsa, wanda aka rubuta ya rasu ba a neman harajin kansa.

Ga abin da ke rikita mutane da yawa. Takardar da likita ke bayarwa cewa wane ya cika, shaida ce ta likita, da ita ake zuwa a yi bayyanawa. Ba ita ce takardar rasuwa ta meri ba. Gidaje nawa ne suka adana ta likita shekara da shekaru suna zaton sun gama, sai ranar buƙata a ce musu ba a taɓa rubuta mamacin ba. Idan za ka je, ka tafi da katin ɗan ƙasa na mamacin ko takardar haihuwarsa, ka tsaya a rubuta sunan harafi da harafi yadda yake a can. Mutum ɗaya a unguwa Mamman ne, a katinsa Mahamadou, a banki Mahaman, a wurin aiki Mohamed. In takardar rasuwa ta fito da suna na biyar, a idon hukuma wani mutum ne daban ya rasu, gyaran kuwa sai kotu. Ka duba sunan uwa da na uba, ka duba ranar, ka duba wurin, tun kana tsaye a gaban teburin. In ta fito, kada ka miƙa ta asali ga kowa. Ka sa a yi maka kwafi da dama, a buga musu tambur da hatimin hukuma, domin banki zai riƙe ɗaya, kotu ɗaya, wurin aiki ɗaya. In mamacin ya bar mata fiye da ɗaya, kowane ɗaki a ba shi nasa kwafin a hannu. Takarda ɗaya a akwatin uwargida ko na babban wa ita ce mafarin rigimar da muka sha gani.

Wanda kuma yake neman takardar rasuwar da ta daɗe, ya fara da merin garin da aka yi rasuwar, can kundin yake, ba garin da magada suke zaune yanzu ba. Kundayen shekara shekara ake ajiye su, saboda haka ka je da shekarar, in da hali da watan, da cikakken suna da sunayen iyaye. In ka riƙe lambar tsohuwar takarda ko hotonta a salula, aikin minti kaɗan ne. In ba ka da komai sai "wajen lokacin kaza", ka shirya zaman buɗe shafi. In an duba ba a samu ba, to ba a rubuta ba ne, sai ka nufi kotu da shaidun da suka halarci rasuwar. Wani lokaci alƙalai kan fita zuwa garuruwa su yi zaman bayar da irin waɗannan hukunce-hukunce a sauƙaƙe. In ka ji sanarwa kada ka ce ta masu neman takardar haihuwa ce kaɗai, ka je ka tambaya.

Mafi wuya ita ce rasuwar da aka yi a waje, kuma mu mutanen tafiya ne. Mutumin Maraɗi da ya cika a asibitin Kano ko Katsina, a can aka yi rasuwar, hukumar ƙidayar jama'a ta Najeriya ce ke rubuta ta, kuma ƙasarmu tana da ƙaramin ofishin jakadanci a Kano. Ana ɗauko gawa cikin dare a ƙetare iyaka, ba wanda ya tsaya karɓar ko da takardar asibiti. Haka wanda ya rasu a Abijan ko Akara ko Tamanraset ko Jidda: ofishin jakadancinmu shi ne merinsa. Ƴan'uwa ƴan ci-rani, ku ne kuka yi masa salla a can, ku ne shaidu. Kada ku wadatu da kiran waya da aiko da jakar tufafinsa.

Ka tuna watan Oktoba na 2013, lokacin da aka tsinci gawawwakin mutum 92 a hamada arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace, mafi yawansu mata da yara daga yankin Kance. Waɗannan an gan su, an rufe su. Nawa ne suka tafi Libiya ko wuraren haƙar zinariya ba a sake jin ɗuriyarsu ba? Matar wanda ya ɓace ba ta da miji a ɗaki, ba ta kuma da ikon yin aure. A mazhabar Imamu Malik, bisa hukuncin Sayyidina Umar da ya kawo a Muwaɗɗa, sai ta kai ƙara, a bincika, a yanka mata shekara huɗu, sa'an nan ta yi iddar rasuwa, in dai ya bar abin ciyar da ita. Dukiyarsa kuwa ba a raba ta sai ya kai shekarun da tsararrakinsa ba su cika wucewa ba, wanda mafi shahara shi ne saba'in. Dubi tsawon wannan jira. Alhali wataƙila akwai mutum biyu a garin da suka haƙa masa rami da hannunsu a bayan Sabha, suka dawo suka faɗa a majalisa, ba su taɓa zuwa gaban alƙali sun faɗa ba. Ranar rasuwar ma tana da hukunci: iddar mamaci daga ranar da ya cika ake ƙirga ta, ba daga ranar da labari ya iso ba. In labari ya zo bayan wata biyar da tabbatacciyar rana, iddarta ta riga ta ƙare. In ya zo ba rana, an bar ta cikin shakka. Ɓoye shaida Allah Ya hana shi a aya ta 283 a Baƙara, Ya kuma danganta zunubin ga zuciyar mai ɓoyewa, kuma shirun da ya bar mace a rataye ɓoyewa ne ko da ba a yi nufi ba.

Malamaina limamai, Allah Ya ƙara muku daraja, da ku nake yanzu. Ku ne kuke tsayawa a kan gawa ku tambaya ko akwai mai bin sa bashi. Me zai hana a wannan tsayuwar, ko ranar da ake tashi daga zaman makoki, ku ambaci mutum biyu da sunansu, ɗaya daga dangi ɗaya daga jama'ar masallaci, ku ce wane da wane, ku ne za ku je meri, ku kawo mana takarda mu gani kafin Juma'a ta biyu? Aikin da aka bar wa kowa ba mai yin sa, wanda aka ɗora wa mutum a gaban jama'a kuwa kunya ma ta isa ta kai shi. Masallacin da ke da kwamitin lasifika da na tabarmi da na gyaran famfo ba zai gaza ajiye littafi ɗaya na jika guda ba, a rubuta sunan duk wanda aka yi wa salla, da ranar, da lokacin, da wurin da ya cika, da sunayen mutum biyu da suka halarta. Littafin nan ba ya maye gurbin kundin hukuma, amma ranar da aka je gaban alƙali zai tuna wa shaidu abin da suka manta.

Kai kuma mai karatu, ka ƙirga mamatan gidanku na shekarun nan: mahaifi, mahaifiya, mata, ɗan'uwa, jariri. Wanne ne a cikinsu kake da takardarsa a hannu? Wanda bai cika kwana 60 ba, gobe da safe meri a buɗe take. Wanda ya wuce, ka duba cikin waɗanda suka halarci rasuwarsa su wa suka rage da rai da hankali, ka yi musu magana a wannan mako, ka ji ranar da za su iya raka ka kotu.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.